Layi na Ɗari Huɗu da Bakwai

Kowace Talata, kafin rana ta hau tuddan Valparaíso,
nakan goge ƙarnin kifi daga hannuna da lemon tsami,
in saɓa tebur mai ƙafa uku da rabi
in dire shi a bakin kotun iyali.
Fresia ke kawo takardu da biro,
ni ke kawo dutsen da za a danne su,
don iskar teku ba ta san darajar sa hannu ba.

Ba mu da lauya.
Muna da tsohuwa Fresia, da ke saƙa wa jikarta rigar sanyi.
Duk sanda aka ɗage zama
sai ta warware bakin hannun, ta ƙara masa tsawo.
Muna da Eliodoro direban bas,
da ke rage gudu a ƙofar wata makaranta
ko da babu mai sauka.

Abin da muke nema bai cika shafi ba:
a ƙaro alƙalai,
kada maganar yaro ta kwana a fayil fiye da wata uku,
a ajiye ƙaramar kujera a ɗakin shari'a,
a tambayi mai kujerar me ke ransa,
a kuma jira ya gama magana.

Amaro na da shekara shida ranar da aka ba mu lamba.
Yanzu takwas.
Haƙoransa na gaba sun zube, sun sake tsirowa,
ban ga giɓin ba.
An ce mai haƙuri kan dafa dutse.
Ga nawa nan a kan tebur, shekara biyu,
ko ɗumi bai yi ba.

Wani mai jakar fata ya ce mana,
"An kayar da ku a ciki, kun fito waje kuna kuka."
Ban musa ba. Ni ma ba wankakke ba ne.
Na ɗaga murya a gaban yaro,
na faɗa wa kotu abin da rabinsa kawai ya faru.

A watan Yuli, ana yayyafi mai shiga ƙashi,
sai ga Ximena da lema mai karyayyen ƙarfe,
da takalmin aikinta na ɗakin wankin asibiti.
Sau tara ta ɗauki hutu ba albashi
don a ce mata alƙali na wani zaman.
Ban taɓa lissafa nata kwanakin ba.

Ta karanta shafin tun daga sama har ƙasa.
Ta ce, "Har yanzu rubutunka tafiyar ƙaguwa ne."
Ta ɗaga dutsen da kanta,
ta sa hannu a layi na ɗari huɗu da bakwai.
Sunana na layin farko.
Mutum ɗari huɗu da biyar ne a tsakaninmu,
kuma rabon da mu yi kusa haka, tun kafin lamba.

"Ba don kai ba ne."
Na ce na sani.
"Jiya ya tambaye ni ko alƙalin ya san ba ya cin albasa."
Fresia ta sunkuyar da kai kan saƙarta.
Ximena ta gyara lema, ta gangara wajen tashar bas,
ba ta waiwayo ba, ni ma ban kira ba.

Majalisa a garin nan take, ana zuwa da ƙafa.
Gobe za mu kai musu takardun cikin leda saboda ruwa.
Wataƙila su karɓa su buga hatimi,
su ba mu wata lambar.
In haka ne, Talata na nan tafe.
Na bar dutsen a gindin katangar kotu,
inda zan same shi.